Daga Dandali Zuwa Majigi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Finafinan Waƙa na Farko a Ingila

Tun kafin Turawan Ingila su iya sa hoto ya yi magana, suna da wata sana'a da ta riga ta kafu a birnin Landan, wato wasan waƙa na dandali. Da fim ya zo, wurin wannan sana'ar ya fara zuwa aro. Ga tambayoyin da masu sha'awar tsofaffin finafinai suka fi yi a kan yadda aron ya kasance, daga wajajen 1906 zuwa ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu a 1939.

Wai mene ne ma wasan waƙa na dandali?

Wasan kwaikwayo ne da ake yi ido da ido a gaban 'yan kallo, ana cikin magana sai a ɓarke da waƙa, a yi rawa, a dawo kan labari. Makaɗa suna zaune a wani rami da ke gaban dandalin, ga madugunsu da 'yar sandarsa. Cibiyar harkar ita ce unguwar West End ta Landan, inda gidajen wasa irin su Gaiety da Daly's da Drury Lane suke. Wasan da ya karɓu sosai yakan yi shekara biyu ko uku ana maimaita shi kowane dare, sannan wasu ayarin 'yan wasa su ɗauke shi su zaga da shi garuruwan ƙasar.

Iri uku ne suka fi shiga fim. Akwai mai barkwanci da soyayya marar nauyi, akwai mai kiɗa irin na Viyana, babban birnin Ostiriya, da manyan muryoyi, sai kuma wanda ba shi da labari sam, waƙa ce da raha ake jerowa ɗaya bayan ɗaya.

Yaushe aka fara ɗaukar su a fim?

Da wuri ƙwarai, fiye da yadda mutane ke zato. A 1906 da 1907 an riga an nuna waƙoƙin The Mikado, wasan da Gilbert da Sullivan suka yi a 1885, a kan allo tare da sauti. Sai dai sautin ba a jikin fim ɗin yake ba. Faifan garmaho ake kunnawa a gefe, ɗan wasa kuma tun wurin ɗauka ya motsa baki yana bin faifan.

Ka ƙaddara kana zauren. Mai majigi yana can baya yana juya mariƙin majigin da hannu, kunnensa na kan garmahon da ke gaba, idonsa na kan leɓen mawaƙin. In ya yi sauri kaɗan, baki ya riga murya. In allura ta yi tsalle a kan faifai, ko fim ya tsinke aka liƙa shi aka rasa 'yan hotuna, to shi ke nan, har waƙar ta ƙare baki na gabas murya na yamma. Ga shi faifai ba ya wuce minti uku zuwa huɗu, kuma babu na'urar ƙara sauti ta lantarki, galibi ƙahon garmaho ne kawai, na kujerun baya sai dai su ga alama. Shi ya sa abin bai wuce na ban mamaki ba, ya yi 'yan shekaru ya lafa.

To a zamanin finafinan bebe, yaya ake yin fim ɗin waƙa babu waƙar?

Tambayar tana da ban dariya, amma an yi. A 1927 Victor Saville ya fara aikin darakta da The Arcadians, wasan 1909 da ya yi fice saboda kiɗansa. Fim ɗin bebe ne fitik. Dabarar ita ce gidajen silima na lokacin ba shiru suke ba: ƙaramin gida yana da mai fiyano, babba yana da ayarin makaɗa. Su ke buga kiɗan wasan yayin da hoto ke tafiya, 'yan kallo kuwa sun haddace waƙoƙin tun daga faifai da takardun kiɗa da ake sayarwa a shaguna. Abin da furodusa ke saya a gaskiya suna ne. Mutum ya ga sunan wasan da ya daɗe yana jin labarinsa a manne a bango, sai ya shiga.

Me ya sa sunan Chu Chin Chow ba ya ɓacewa a wannan zance?

Domin shi ne giwar wasannin zamaninsa, kuma sau biyu aka mayar da shi fim, ɗaya bebe ɗaya mai magana, don haka a kansa ake ganin bambancin zamanin biyu ƙarara.

Labarin ba baƙo ba ne ga Bahaushe: Ali Baba ne da ɓarayi arba'in, na cikin Dare Dubu da Ɗaya. Oscar Asche ya rubuta shi ya kuma fito a ciki, Frederic Norton ya yi kiɗan. An buɗe shi a gidan wasa na His Majesty's ranar 31 ga Agusta 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka yi ta yi har 1921, sau 2,238. Kusan shekara arba'in aka yi ba a sami wasan waƙa a Landan da ya wuce wannan adadi ba. Sojojin da suka zo hutu daga fagen daga su ne manyan 'yan kallonsa. Mutumin da ya fito daga ramin laka da ƙarar igwa, aka nuna masa kasuwa mai launi da 'yan mata cikin ado da raƙumi na gaske a kan dandali, ai ba sai an tambaye shi dalilin dawowa ba. Sunan wasan kuwa ya samo asali ne daga shugaban ɓarayin, Abu Hasan, wanda ya yi shigar wani attajirin ɗan kasuwar Sin don ya shiga gidan Ƙasimu, ɗan'uwan Ali Baba.

Herbert Wilcox ya yi na beben a 1923, kuma a Jamus ya je ya ɗauke shi, da jarumar Amurka Betty Blythe. Na 1934 shi ne wanda ake kallo har yau. Walter Forde ya ba da umarni a kamfanin Gainsborough, George Robey, tsohon ɗan barkwancin dandali, ya fito a Ali Baba, Anna May Wong ta fito a Zahrat, Fritz Kortner kuma a Abu Hasan. Kortner babban ɗan wasa ne a Jamus wanda ya gudu bayan hawan Hitila mulki a 1933. Mai ɗaukar hoton, Mutz Greenbaum, da mai tsara gine-ginen fim ɗin, Ernő Metzner, su ma daga masana'antar Jamus suka fito. Shi ya sa kogon ɓarayin yake da duhu da inuwa irin ta finafinan Jamus, ba hasken dandalin Landan ba.

Amma a faɗi gaskiya, Gabas ɗin da ke cikin fim ɗin ta mafarkin Bature ce. Rawani da alkyabba an ɗora su yadda aka ga dama, an cuɗa Larabawa da Farisa da Sin a tukunya ɗaya, kasuwar bayi kuma an mayar da ita wurin nishaɗi. Wanda ya tashi yana jin labarin Ali Baba a gida zai kalla yana murmushi, wani wurin kuma ya tsuke fuska.

Da sauti ya zo, me ya sa kamfanoni suka ruga dandali maimakon su ƙirƙiro nasu?

Abu uku suka haɗu musu lokaci guda.

Na farko doka. A 1927 majalisar Birtaniya ta kafa dokar da ta tilasta wa gidajen silima nuna wani kaso na finafinan gida, don finafinan Amurka sun mamaye allo kusan gaba ɗaya. An fara da kashi 5 cikin ɗari ga masu gidajen silima, aka tsara ya riƙa hawa har ya kai 20. Nan take aka shiga neman labari ido rufe.

Na biyu murya. An nuna The Jazz Singer na Amurka a Landan a 1928, a 1929 kuma Alfred Hitchcock ya fitar da Blackmail daga situdiyon Elstree. Daga nan kowa ya gane cewa fuska kaɗai ba ta isa. Jarumar Blackmail ɗin ma, Anny Ondra, 'yar ƙasar Cek ce, Turancinta da nauyi, sai aka tsayar da Joan Barry a gefen kyamara tana faɗin maganar ita kuma tana motsa baki. Ina za a sami tarin mutanen da suka iya magana da waƙa da rawa, suka kuma saba haddace dogon rubutu? West End, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Elstree. Da yawansu da rana suna situdiyo, da dare suna dandali.

Na uku kuɗi. Kujera mai kyau a West End ta haura sule goma, silima kuwa da sisi ko sule ɗaya ka shiga. Ma'aikacin masaƙa a Lancashire da ke arewacin Ingila ya ji waƙar a garmaho, ya ji ta a rediyo, amma bai taɓa ganin mai yin ta ba. A 1934 kaɗai an sayar da tikitin silima sama da miliyan 900 a Birtaniya. Wasan da ya riga ya yi suna kaya ne da aka gama talla tun kafin a kai shi kasuwa.

Wace irin wahala suka sha a farkon?

Kyamarar lokacin tana da ƙara kamar keken ɗinki, makirufo kuma ba ya zaɓe, duk abin da ya ji ɗauka yake. Sai aka riƙa kulle kyamara da mai ita a cikin wani akwati mai tagar gilashi, zafi kamar tanda, ba dama a matsa. Makirufo a ɓoye cikin tukunyar fure ko a rataye sama, ɗan wasa ba ya nisa da shi. Makaɗa kuma dole su kasance cikin situdiyon suna bugawa a daidai lokacin da ake ɗauka, in mai ƙaho ɗaya ya kuskure a koma farko. Sakamakon shi ne finafinai irin The Co-Optimists na 1929, wanda kusan dasa kyamara aka yi a gaban dandali aka ce a yi wasa. A shekarar ne kuma aka yi Splinters, daga wasan da sojoji suka ƙirƙiro a fagen yaƙi, inda maza ke shigar mata.

Akwai wata matsalar da ba ta na'ura ba. Ɗan barkwancin dandali ya saba ya jefa magana ya dakata, jama'a su yi dariya, sannan ya ci gaba. A situdiyo babu mai dariya. In ya dakata, fim ya yi rami. In bai dakata ba, dariyar 'yan silima ta cinye magana ta gaba. Haka mawaƙiya ta saba ta ƙare waƙa ta buɗe hannu tana jiran tafi, wani lokacin ma a sa ta maimaita. A allo sai ka ga ta tsaya cak tana murmushi ga bango. Kallon waɗannan finafinan yau, wannan ɗan shirun bayan waƙa shi ya fi komai tona asirin inda aka ɗauko su.

Sauƙi ya zo a farkon shekarun 1930, da aka sa wa kyamara rigar da ke danne ƙararta, aka kuma koyi naɗar waƙa tun da farko a riƙa kunna ta wurin ɗauka. Abin dariya, dabarar garmahon 1907 ce ta dawo da sabuwar riga.

Suna bin wasan sau da ƙafa, ko suna canzawa?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma ra'ayina shi ne waɗanda suka yi ƙarfin halin rushe wasan su sake gini su ne suka yi fim na gaske.

Babban misali Evergreen na 1934. Asalinsa wasan Ever Green ne da C. B. Cochran ya shirya a gidan Adelphi a 1930, da waƙoƙin Amurkawa biyu, Richard Rodgers da Lorenz Hart, Jessie Matthews na jagora. Da Victor Saville ya zo yin fim ɗin a kamfanin Gaumont-British, sai aka sake labarin, aka zubar da yawancin waƙoƙin, aka kawo sababbi daga Harry Woods. A fim ɗin, wata yarinya mai neman aikin rawa ce aka ce ta fito a matsayin mahaifiyarta, tsohuwar tauraruwar da ta ɓace shekaru da yawa, a ce wai ta dawo ba ta tsufa ba. Saurayin da ya ƙulla dabarar ya zama dole ya fito a matsayin ɗanta, alhali son ta yake. Ka ga matsala.

Wurin da ya kamata a tsaya a duba shi ne inda take rawa ita kaɗai da dare a cikin wani katafaren gida na zamani. Babu 'yan kallo, babu layin 'yan amshi a bayanta, ba ta fuskantar gaba kamar mai jiran tafi. Kyamara ce ke bin ta tana ratsa gidan, rawar ta zama tunanin da take yi a zuci. Dandali ba zai iya wannan ba, don ɗan kallon dandali a kujera ɗaya yake daga farko har ƙarshe. Alfred Junge, wani Bajamushen, shi ya tsara gidan. Wanda ya tsara rawar kuma Buddy Bradley ne, baƙar fatar Amurka wanda a ƙasarsa ya sha koya wa taurari rawa ba a sa sunansa, sai a Landan aka fara rubuta shi.

Bitter Sweet na Noël Coward, wasan 1929, ya bi hanya ta tsakiya. Wilcox ya yi fim ɗin a 1933 da Anna Neagle, ya rage tsawo amma ya bar ƙashin labarin: budurwar Ingila ta gudu Viyana da malamin kiɗanta, wani hafsan soja ya kashe shi. Da kamfanin MGM ya sake yin sa a Amurka a 1940, da launi da kuɗi, Coward bai ɓoye ƙyamarsa ga abin da aka yi masa ba.

Sai kuma wanda ya rushe ginin bai sake wani ba. Hitchcock da kansa ya yi Waltzes from Vienna a 1934, labarin Johann Strauss uba da ɗa, da Jessie Matthews a ciki. Ya cire kusan duk waƙe-waƙen baki, ya bar jarumar da ta fi kowa iya rawa a ƙasar ba ta yi abin da ta iya ba. Shi ma daga baya ya ce lokacin ne aikinsa ya fi faɗuwa ƙasa.

Waɗanda suka yi wasan a dandali su ne ke fitowa a fim ɗin?

Wani lokaci. Jack Buchanan da Elsie Randolph sun ɗauko That's a Good Girl daga dandali zuwa allo a 1933 da kansu. Ivy St Helier ta maimaita rawar da ta taka a Bitter Sweet. Mary Ellis ta fito a Glamorous Night na 1937 kamar yadda ta yi a Drury Lane a 1935, amma Ivor Novello, mai wasan kuma jaruminsa, bai fito ba, Barry MacKay aka sa.

Kyamara ba ta da kara. Daga kujera ta ashirin, mace mai shekara arba'in da biyar za ta iya zama budurwa in muryarta na nan. A allo fuska na cika bango. The Maid of the Mountains ya yi wasa 1,352 daga 1917, kuma José Collins ce ruhinsa, har sunan wasan ya zame mata laƙabi. Da aka zo fim a 1932, shekara goma sha biyar sun wuce, Nancy Brown aka ɗauka.

Akwai kuma lissafin kasuwar Amurka. The Mikado na 1939, wanda aka ɗauka da launin Technicolor a situdiyon Pinewood, ya yi amfani da 'yan ƙungiyar D'Oyly Carte, wadda ta saba yin wasannin Gilbert da Sullivan a dandali, irin su Martyn Green da Sydney Granville, amma saurayin labarin sai aka ba Kenny Baker, mawaƙin rediyon Amurka.

Duk labarin masu kuɗi da 'ya'yan sarauta ne?

Mafi yawa haka ne, kuma hakan ya jawo musu matsala a arewacin Ingila, inda jama'a suka fi jin daɗin Gracie Fields da George Formby masu magana irin tasu. Jessie Matthews kanta 'yar mai sayar da kayan marmari ce a kasuwar unguwar Soho ta Landan, amma an koya mata lafazin manya har ya zame mata jiki.

Wanda ya fita daban shi ne Me and My Girl, da aka buɗe a gidan wasa na Victoria Palace a 1937, kiɗan Noel Gay, ya yi wasa 1,646. Lupino Lane ya fito a Bill Snibson, ɗan unguwar talakawa ta Lambeth da aka wayi gari aka ce shi ne magajin wata babbar sarauta, dangi suka dage sai sun goge shi, shi kuma ya ƙi rabuwa da budurwarsa ta unguwa. Rawar da ke cikinsa ta fi wasan suna, ta zaga Turai da Amurka, har da aka zo fim a 1939 sunan rawar aka ba shi, The Lambeth Walk. A shekarar ce kuma BBC ta haska wasan kai tsaye daga dandali a talabijin, ga 'yan tsirarun da ke da akwatin a Landan.

Sun iya karawa da Hollywood?

Kaɗan ne suka iya. Evergreen ya samu shiga katafaren gidan silima na Radio City Music Hall a New York, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga fim ɗin Ingila. Amma kuɗi da yawan ma'aikata ba ɗaya ba. A 1936 gobara ta cinye situdiyon British and Dominions na Wilcox a Elstree, a 1937 kuma harkar ta shiga matsin kuɗi, Gaumont-British ta rage aiki sosai bayan yunƙurinta na cin kasuwar Amurka ya gaza. Fim ɗin waƙa shi ya fi kowane tsada, don haka shi aka fara yankewa. Sai a 1969 wasan waƙa na Landan da aka ɗauka a Ingila ya ci babbar kyautar Oscar, wato Oliver! na Carol Reed, wanda ya fito a 1968.

Akwai kama tsakaninsu da finafinan Indiya da muka saba gani?

Akwai, ta wajen asali. Alam Ara, fim ɗin Indiya mai magana na farko, a 1931 ya fito da waƙoƙi bakwai, kuma shi ma daga wasan dandali aka ɗauko shi. Bambancin shi ne a Indiya waƙa ta zauna daram a kusan kowane fim, a Ingila kuwa ta tsaya a matsayin nau'i guda cikin nau'o'i. Mai kallon da ya saba da finafinan Indiya da na Kano ba zai ji wani banbaraƙwai ba in jaruma ta bar magana ta kama waƙa, abin da yakan dami matasan Turawan yau in sun kalli nasu na da.

Ana iya ganin su yanzu? Da wanne zan fara?

Wasu sun tafi har abada. Fim ɗin wancan zamani da sinadarin nitiret ake yin sa, mai kama wuta kamar fetur, in ya daɗe kuma ya narke ya zama gari. Kamfanoni ba su ɗauki finafinan bebe da wata daraja ba bayan zuwan sauti. The Arcadians yana cikin jerin finafinai 75 da Cibiyar Finafinai ta Birtaniya, BFI, ta fitar tana cigiyarsu.

Amma Evergreen da Chu Chin Chow na 1934 da The Mikado na 1939 duk suna nan, an gyara su an fitar a faifai, kuma akan ci karo da guntayensu a intanet. Ka fara da Evergreen. In ya yi maka, ka koma Chu Chin Chow don ka ga abin da suka yi wa Ali Baba. Irin su The Co-Optimists kuwa ka bar su sai ƙarshe, kuma kada ka kalle su a matsayin fim. Ka ɗauka an ba ka kujera ce a layin gaba na wani gidan wasa na Landan a 1929, ga Stanley Holloway, ɗaya daga cikin 'yan wasan, a gabanka yana waƙa.